Furanni da Tsirran Lokutan Shekara a Adon Kimono na Japan: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan tambayoyi ne da suke yawan fitowa daga bakin masu shirin sayen kimono ko ɗaukar hayarsa, da teloli da masu zanen yadi da suke son fahimtar tsarin da ke bayan adonsa. An fara da na share fage, sannan aka shiga masu zurfi. An bar sunayen tsirran da Japananci, domin yawancinsu ba sa fitowa a ƙasar Hausa, kuma da sunayen nan ne mai saye zai tarar da su a shago.

Me ya sa furanni da ganyaye suka mamaye adon kimono?

Kimono rigar gargajiya ce ta Japan da ba a yanka ta bisa siffar jiki. Ana ɗinka ta ne daga turmin yadi guda mai faɗin kimanin santimita 36 zuwa 38 da tsawon kimanin mita 12, a raba shi gida takwas a miƙe, a haɗa. Tun da yankan kusan iri ɗaya ne ga kowa, abin da ke bambanta wata riga da wata shi ne yadi da launi da zane, don haka gwanintar masu sana'ar duk ta koma kan fuskar yadin.

Dalilin da ya sa tsirrai suka fi komai yawa a wannan fuska kuwa shi ne, a al'adar Japan, da tsiro ake gane lokaci. Waƙoƙin fada na dā, da zanen bango, da kwanukan shayi, har da kayan zaƙi, duk suna ambaton wata ne ta hanyar furen da ke buɗewa a cikinsa. Mace idan ta sa riga mai wani fure, tana shaida wa masu kallo cewa ta san inda shekara ta kai, kuma ta yi la'akari da taron da ta zo. Kyawun furen yana nan, amma aikinsa na farko shi ne na kalanda.

Yaya lokutan shekara suke a Japan, kuma wane tsiro ne na wane lokaci?

Shekara ta kasu huɗu a can, kuma rabon bai yi daidai da namu ba. Akwai haru, lokacin toho, daga Maris zuwa Mayu, sa'ad da sanyi ke ja da baya itatuwa suna fitar da fure. Akwai natsu, lokacin zafi mai gumi, daga Yuni zuwa Agusta, wanda farkonsa ruwan sama ne na makonni da ake kira tsuyu. Sai aki, wato kaka, daga Satumba zuwa Nuwamba, sannan fuyu, hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, inda dusar ƙanƙara ke rufe yankuna da dama.

Furen ume ne ke buɗe shekara, domin yana fitowa a Fabrairu tun sanyi bai saki ba. Sakura na biye da shi a ƙarshen Maris zuwa farkon Afrilu a Tokyo da Kyoto. Daga nan sai fuji, mai furanni shunayya da ke rataye kamar tuntu, da botan mai manyan furanni cike, dukansu daga ƙarshen Afrilu zuwa Mayu, sai dangin ayame da kakitsubata masu dogon ganye kamar takobi. Ajisai na ruwan Yuni ne, asagao mai hawa shinge yana buɗewa da sassafe a Yuli da Agusta. Kaka tana da ciyayinta bakwai, da kiku, da jan ganyen momiji, da rawayan ganyen icho mai siffar mafici. Hunturu kuma yana da tsubaki da suisen da jajayen 'ya'yan nanten, tare da gora da itacen matsu da ba sa kaɗe ganye.

Ba a ɗaukar waɗannan watanni kamar doka a rubuce, saboda ƙasar doguwa ce daga kudu zuwa arewa. Sakura na buɗewa a Okinawa tun Janairu, amma ba ta isa Hokkaido sai ƙarshen Afrilu ko farkon Mayu. Yawancin ƙa'idojin sutura an gina su ne bisa yanayin Kyoto, inda fadar sarki ta zauna fiye da shekara dubu.

Da gaske ne ba a sa rigar fure a daidai lokacin da furen ya cika?

Haka masu bin tsohuwar ƙa'ida suke yi, kuma wannan ce ƙa'idar da ta fi kowace muhimmanci a duk lamarin. Suna kiranta sakidori, wato riga lokaci fitowa. Ana fara sa zanen fure makonni kaɗan, wani lokaci har wata guda, kafin na gaske ya buɗe, sannan a ajiye shi da zarar itatuwa sun cika. Hujjarsu ita ce bai dace zane ya yi gasa da abin da aka kwaikwaya ba, domin duk iyawar marini, rigarsa za ta dushe idan aka tsaya da ita a ƙarƙashin itacen da ke cike da fure. Abin da ake yaba wa mai rigar shi ne ta zo da albishir ɗin abin da mutane suke jira. Wadda ta makara kuwa, ta sa fure bayan ya kaɗe, ita ce ake ganin ta yi kuskure mafi girma.

A sakura ne aka fi tsananta wannan. Rigar da aka zana sakura a kan reshenta, da ƙunshin furen da bai buɗe ba, kamar yadda take a lambu, ana sa ta ne daga wajen ƙarshen Fabrairu zuwa kafin furen ya cika. Idan ya cika ya fara zuba, sai a koma ga zanen ganyen fure da iska ke watsawa, ko zanen da ake kira hanaikada, inda furannin ke tafiya a kan ruwa kamar katakan da aka ɗaure aka sake wa kogi. Ke nan fure ɗaya yana da zane daban-daban gwargwadon matakin da ya kai a waje.

Ma'aunin da zai taimaki mai koyo shi ne wannan: gwargwadon yadda zane ya yi kama da tsiron gaske, da reshe da kara da ganye, kuma yana shi kaɗai a rigar, gwargwadon ƙuncin kwanakin da za a sa shi. Idan aka sauƙaƙa shi ya zama alama kawai, ƙa'idar ta sassauta, kamar yadda za a bayyana nan gaba a amsar tambaya kan zanen da ake sawa duk shekara.

Ta yaya zan bambance ume da sakura, tun da duka ganyen furensu biyar ne?

A duba bakin ganyen furen. Na sakura yana da ɗan tsagu a tsakiyar bakinsa, na ume kuwa zagayayye ne sumul, kuma galibi ana zana shi manne da reshe mai gwiwa-gwiwa, ba tare da ganye ba, alhali sakura tana rataye ne a kan siraran karare, uku ko huɗu wuri guda. Kikyo shi ma biyar ne, amma masu tsini ne kamar tauraro, kuma shuɗi ne ko shunayya. Nadeshiko kuma bakin ganyensa a tsattsage yake kamar gezar mayafi. Bambancin yana da amfani, domin tsakanin lokacin ume da na kikyo akwai rabin shekara.

Me ya sa nake ganin ciyayin kaka, har da dusar ƙanƙara, a rigunan da aka ce na lokacin zafi ne?

Dalili biyu ne suka haɗu. Na farko shi ne riga lokaci da aka yi bayani a sama, domin a tsohuwar kalanda kaka tana kamawa ne tun farkon Agusta, sa'ad da zafi ke kan ganiyarsa. Na biyu kuwa shi ne, a lokacin zafi ana ɗora wa mai sutura nauyin sanyaya idon wanda ke kallonta, ko da ita kanta tana gumi a ƙarƙashin ɗamara. Shi ya sa ake zana ciyayin da iska ke kaɗawa, da ruwa mai gudu, da raɓa a kan ciyawa, a kan yadi shara-shara mai launin fari ko shuɗi.

Daga wannan tunani ne zanen yukiwa ya shigo rigunan Yuli da Agusta. Da'ira ce mai ɗan gutsire-gutsire a gefe, wadda ke wakiltar dusar ƙanƙara, kuma sau da yawa ana cika cikinta da ƙananan furanni. Mai kallo ya san babu dusa a wannan wata, abin da ake so shi ne ya tuna da sanyinta.

Waɗanne ne ciyayi bakwai na kaka?

Su ne hagi, mai rassa masu rusunawa da ƙananan ganye uku-uku, da susuki, doguwar ciyawa mai farin tuntu, da kuzu, mai yaɗo da faffaɗan ganye, da nadeshiko, da ominaeshi mai ƙananan furanni rawaya, da fujibakama, da kikyo. Jerin ya samo asali ne daga waƙar Yamanoue no Okura, mawaƙin ƙarni na 8, wadda ke cikin tsohon kundin waƙoƙi na Man'yoshu. Ba dole ne a ga bakwai ɗin duka a riga ɗaya ba. Uku ko huɗu sun wadatar a kira zanen akikusa, ciyayin kaka.

Babu ɗaya daga cikinsu mai girman botan ko ƙyallin sakura, kuma a nan ƙimarsu take ga Japanawa, domin tsirran daji ne masu siraran karare da ke nuna shekara ta fara gangarawa. Shahararren misali shi ne rigar da mai zane Ogata Korin, wanda ya rayu daga 1658 zuwa 1716, ya zana da hannunsa a kan farin siliki domin matar wani attajirin katako na gidan Fuyuki a birnin Edo, wato Tokyo ta yau. Tana Gidan Tarihi na Ƙasa da ke Tokyo, kuma abin da ke jikinta kikyo ne da susuki da hagi da kiku, cikin tawada da shuɗi mai laushi, an bar fili mai yawa babu komai. Korin ɗan gidan masu sayar da tufafi ne a Kyoto, don haka ya san yadda zane ke sauya kama idan ya hau jiki.

Akwai zanen da za a iya sawa duk shekara?

Akwai, kuma sun kasu kusan gida uku. Na farko su ne waɗanda aka tara furannin lokuta daban-daban wuri guda, kamar sakura da kiku da momiji da botan a cikin keken furanni da ake kira hanaguruma, ko a cikin kwando, ko a kan mafici. Tun da babu watan da duk waɗannan ke buɗewa tare, zanen bai ɗaure kansa da wani wata ba. Manyan rigunan biki, waɗanda suke da tsada kuma ba a san watan da za a buƙace su ba, galibi haka ake yin su.

Na biyu su ne zanen fatan alheri. Mafi shahara shi ne shochikubai, haɗin matsu da gora da ume, wanda ya zo daga ƙasar Sin inda ake ɗaukar ukun a matsayin abokan hunturu: matsu ba ya kaɗe ganye, gora tana lanƙwasa ba ta karyewa, ume kuma yana fure cikin sanyi. Ya fi dacewa da sabuwar shekara, amma ana sa shi a aure ko wani taron murna a kowane wata. Haka ma haɗin da ake kira shikunshi, wato ume da furen ran da gora da kiku, da zanen itacen kiri tare da tsuntsun almara na hoo, da tachibana, wani ɗan lemo mai ganye kore kullum.

Na uku su ne tsirran da aka mayar da su siffofin lissafi har suka rabu da lambu. Asanoha misali ne, zanen taurari masu kusurwa shida da aka ɗauko daga ganyen tsiron asa, wanda aka saba yi wa jarirai tufafi da shi domin tsiron yana girma da sauri kuma a miƙe. Karakusa, yaɗon da ke murɗewa ba iyaka, shi ma ba shi da wata. Sakura da kiku ma, idan aka zana kan furen kaɗai ba reshe ba ganye, da yawa daga malaman sutura suna yarda a sa su a kowane lokaci.

An ce kiku tambarin gidan sarauta ne. Shin talaka na iya sa shi?

Yana iyawa. Abin da ya keɓanta ga gidan Sarkin Japan shi ne tambari guda takamaimai, kiku mai ganyen fure 16 a gaba da wasu 16 suna leƙowa daga baya, kuma a farkon zamanin Meiji, wanda ya fara a 1868, an hana wasu amfani da shi. Wani sauƙaƙan nau'insa ne ke bangon fasfon ƙasar. Sauran zanen kiku, masu ɗimbin yawa, na kowa ne, daga rangiku mai dogayen ganye a hargitse zuwa kikusui, inda furen ke kan ruwa mai gudu a matsayin fatan tsawon rai.

Lokacinsa na asali shi ne Oktoba zuwa Nuwamba. Bikin kiku da ake kira Choyo yana faɗowa ne ranar 9 ga wata na tara, kuma a tsohuwar kalandar wata wannan rana tana zuwa ne daidai buɗewar furen. Da Japan ta koma kalandar Miladiyya a 1873, bikin ya koma 9 ga Satumba, kusan wata guda kafin a ga furen. Irin wannan gociya tsakanin kalandar biyu ce ta sa wani lokaci littattafan sutura suke saɓa wa juna kan watan da ya dace da wani zane.

Zane kaɗai ne ke nuna lokaci, ko akwai wani abu?

Ɗinkin rigar da nauyin yadinta suna gaba da zane. Daga Oktoba zuwa Mayu ana sa awase, riga mai shafi. A Yuni da Satumba ana sa hitoe, marar shafi. A Yuli da Agusta kuma sai usumono, yadi shara-shara irin ro da sha, waɗanda aka saƙa da ƙananan ramuka domin iska ta ratsa. Ranakun sauya tufafi na al'ada su ne 1 ga Yuni da 1 ga Oktoba, kuma har kayan makaranta suna bin su.

Dole zane ya jitu da wannan tsari. Ba za a sami asagao a kan riga mai shafi ba sai da wani dalili, haka nan tsubaki cikin dusar ƙanƙara ba ya hawa yadin ro sai don sanyaya ido da aka ambata a baya. Hitoe ta Yuni da ta Satumba ɗinkinsu ɗaya, amma ta Yuni tana kallon zafi, da ajisai da launuka masu haske, ta Satumba kuwa tana kallon kaka, da launuka masu duhu. Mutane da yawa a yanzu suna fara sa hitoe tun Mayu saboda zafi yana riga zuwa, kuma a wajen manyan taruka ne kawai aka fi riƙe ranakun sosai.

Idan rigata ba ta nuna wani lokaci, ta yaya zan shigar da shi?

Ta hanyar obi, faffaɗar ɗamarar da ake naɗawa a kugu, da ƙananan kayan da ke tare da ita. Wannan ce dabarar yawancin mata, domin ba kowa ke da halin mallakar riga ga kowane wata ba. Riga mai launi ɗaya, wadda ake kira iromuji, ko mai ƙananan zane da ba ya nuna wata, za ta iya ɗaukar obi mai fuji a Afrilu da obi mai momiji a Nuwamba. Haka ma farin wuyan da ke leƙowa daga rigar ciki, da igiyar da ke riƙe ɗamara, da ɗan maɓallin ado da ake zura mata, duk wuraren da ake saka fure ne. A taron shayi an fi son wannan kamewa, saboda mai masauki ya riga ya ajiye furen ranar a ɗaki, kuma ba a son baƙuwa ta maimaita shi a jikinta.

Shin wurin da zanen yake a jikin rigar yana da ma'ana?

Yana nuna matsayin rigar da na mai ita. Furisode, mai dogayen hannuwa da 'yan mata ke sawa musamman a bikin cika shekarun girma na Litinin ta biyu a Janairu, zanenta ya mamaye ko'ina. Kurotomesode, baƙar rigar matan aure mai ɗauke da tambarin gidansu a wuri biyar, wadda uwar amarya ko ta ango ke sawa, zanenta yana ƙasan ɗamara kaɗai, kuma kusan kullum na fatan alheri ne. Homongi, rigar ziyara, zanenta yana ratsa layukan ɗinki ba ya yankewa, daga kafaɗa zuwa hannu zuwa gindi, kamar hoto guda, shi ya sa a kanta ne zanen wata ɗaya ya fi fitowa da kyau. Komon, ta yau da kullum, zane ɗaya ne ake maimaitawa. Rigar makoki kuwa baƙa ce wuluk, ba fure ko ɗaya.

Akwai furannin da ake gujewa a wasu taruka?

Akwai, ko da yake camfi ne da ladabi, kuma ba kowa ya yarda da su ba. Tsubaki yana faɗowa ne gaba ɗaya daga reshe maimakon ganyensa su zuba ɗaya-ɗaya, don haka wasu ba sa son sa a wajen aure ko dubiyar marar lafiya, duk da cewa yana cikin furannin da aka fi zanawa a hunturu. Wasu tsofaffi suna ƙin zanen sakura mai zubewa a ranar aure saboda yana nuna abin da bai daɗe ba. A ɗaya ɓangaren, akwai waɗanda ake nema saboda sunansu ya yi kama da kalmar alheri, kamar nanten da sautinsa ya zo ɗaya da juya wahala. Wanda aka gayyata aure, abin da ya fi masa sauƙi shi ne ya zaɓi zanen fatan alheri da aka lissafa a amsar zanen duk shekara.

Ta wace hanya ake fitar da waɗannan furanni a kan yadi?

Hanyar da ta ba masu zane damar yin fure kamar a takarda ita ce yuzen, wadda aka jingina wa Miyazaki Yuzensai, mai zanen mafici a Kyoto a ƙarshen ƙarni na 17. Ana bin layin zanen da siririn zaren kwaɓin shinkafa mai danƙo da ake matsowa daga mazurari, sai a cika cikin kowane ganye da rini ta amfani da burushi, kwaɓin ya hana launi tsallakawa. Bayan an turara yadin an wanke, kwaɓin ya fita ya bar farin layi siriri kewaye da kowane fure. Wannan farin layi ne alamar da masu saye suke dubawa.

Yuzen na Kyoto yana son ƙyalli, ana ƙara masa zinariya da aikin allura. Na Kaga, a birnin Kanazawa, ya fi kusa da lambu: yana dogara ga launuka biyar, shuɗin baba da ja mai duhu da ruwan ƙasa-ƙasa da kore da shunayya, yana sa launin ganye ya yi duhu daga gefe ya yi haske zuwa ciki, kuma yana zana har ramin da ƙwaro ya ci a jikin ganye. Wannan cin ƙwaro, da suke kira mushikui, da gangan ake yin sa, don kada ganyen ya fito kamar na roba.

Akwai kuma shibori, wato ɗaure yadi ko ɗinke shi kafin a tsoma a rini, sana'ar da garin Arimatsu kusa da Nagoya ya shahara da ita tun kafuwarsa a 1608. Wanda ya taɓa tsayawa a karofin Ƙofar Mata a Kano ya ga ana kwance ƙulli bayan an fito da yadi daga baba zai gane aikin nan take, sai dai tsiron da Japanawa ke samun shuninsu daga gare shi daban ne da babanmu, kuma Tokushima ce cibiyar nomansa. Sauran hanyoyin sun haɗa da rini ta takarda mai huji da ake yankawa a yankin Suzuka, da saƙar unguwar Nishijin a Kyoto, inda ake fitar da furen da zaren kansa, galibi domin obi.

Tun yaushe wannan al'ada ta fara?

Tushenta yana fadar zamanin Heian, daga 794 zuwa 1185, kuma a wancan lokaci da launi ake nuna fure, ba da hotonsa ba. Matan fada suna sa riguna a jere, ɗaya kan ɗaya, ta yadda bakin kowace zai leƙo a wuya da hannu da gindi, kuma kowane jerin launuka yana da sunan tsiro da lokacinsa. Fari a kan ja-ja yana ba da ruwan hoda mai laushi da ake kira sakura, jerin rawaya sunansa yamabuki, na ja da rawaya da kore kuma momiji ne. Kuskure a wannan jeri abin magana ne a fada.

Hoton furen kansa ya bunƙasa ne a kan kosode, rigar da kimono ta yau ta samo asali daga gare ta, musamman a zamanin Edo, daga 1603 zuwa 1868, lokacin da 'yan kasuwar birane suka yi arziki. Tun shekarun 1660 ake buga littattafan samfurin zane, mace ta duba ta zaɓi wanda take so a rina mata. Dokokin hana almubazzaranci na 1683, waɗanda suka taƙaita aikin zaren zinariya da ɗaurin shibori mai ƙananan ɗigo, sun taimaka wajen karkata mutane zuwa yuzen. A zamanin nan ne kuma zanen da ke nuni ga tsoffin waƙoƙi ya yaɗu: ganyen momiji a kan ruwa yana nufin kogin Tatsuta na yankin Nara, kakitsubata kusa da gadar katako mai karkace-karkace kuma yana nufin wurin da ake kira Yatsuhashi, kuma mai ilimi yana gane waƙar ba tare da an rubuta ko harafi ba.

Maza fa, suna sa furanni?

Rigar namiji ta waje galibi launi ɗaya ce mai duhu, ko mai ƙananan ratsi. Adonsa yana ɓoye a shafin haori, gajeriyar rigar da ake ɗorawa a sama, da kuma rigar ciki, inda ba a gani sai ya tuɓe. Tsiron da ke fitowa fili a jikinsa shi ne na tambarin gidansu, wanda sau da yawa fuji ne ko kiri ko ume, kuma tambari ba ya bin wata.

A ina za a ga wannan kalanda ana bin ta sosai a yau?

A unguwannin geiko na Kyoto, wato matan da sana'arsu ita ce nishaɗantar da baƙi da rawa da kiɗan gargajiya, a wurare irin su Gion, inda 'yan mata masu koyon sana'ar, maiko, suke sauya adon furen siliki da ke gashinsu kowane wata: ume a Fabrairu, nanohana a Maris, sakura a Afrilu, fuji ko ayame a Mayu, ganyen yanagi da ajisai a Yuni, mafici a Yuli, susuki a Agusta, kikyo a Satumba, kiku a Oktoba, momiji a Nuwamba. Masu koyar da shayi da raye-rayen gargajiya su ma suna riƙe da ƙa'idar.

A wajen waɗannan da'irori an sassauta ƙwarai, kuma sassaucin ba sabon abu ba ne. Rinin bingata na Okinawa ya daɗe yana haɗa sakura da momiji da gora mai ɗauke da dusar ƙanƙara a yadi ɗaya, a tsibiran da dusa ba ta sauka. A shekarun 1920 da 1930 kuma rigunan meisen masu araha sun cika da furannin Turai irin su wardi, manya-manya, cikin launuka masu ƙarfi. Yukata, rigar auduga ta bukukuwan dare a lokacin zafi, ana samun ta da sakura ko tsubaki ba tare da kowa ya ɗaga ido ba.

Riga ɗaya kawai zan saya. Wace zan zaɓa?

Ya danganta da inda za a sa ta. Idan don taruka ne, homongi mai shafi da ke ɗauke da furannin lokuta huɗu a haɗe za ta yi aiki daga Oktoba zuwa Mayu ba tare da fargabar saɓa wa wata ba. Idan don yawo ne, komon mai asanoha ko karakusa, ko iromuji, ta fi, sai a riƙa sauya obi kamar yadda aka bayyana a sama. Wanda zai sa ta a ƙasa mai zafi ya nemi hitoe ko yukata, domin siliki mai shafi da ɗamara a kai ba abin wasa ba ne a rana.

Rigar da ke da fure ɗaya tak a kan reshensa ita ce ta fi kyau a ido, kuma ita ce ta fi ƙarancin ranakun sawa, wataƙila makonni uku ko huɗu a shekara. Shi ya sa irinta ke yawan fitowa a kasuwar tsoffin kaya kusan sabuwa, kuma da sauƙin kuɗi. A Kyoto ana cin irin wannan kasuwa a harabar wurin ibada na Toji ranar 21 ga kowane wata, da kuma ta wurin ibada na Kitano Tenmangu ranar 25. Kafin a biya, a ɗaga rigar a rana a duba wuya da bakin hannu da gaban gwiwa saboda tabo, a shinshina saboda fumfuna, sannan a auna tsawonta da tsayin mai sawa, domin tsoffin riguna an ɗinka su ne wa mutanen da ba su kai na yanzu tsawo ba.